BAKIN MAI GIDA BA KOTU BA NE

Ga laccar da Magatakardan reshenmu ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a taron da aka yi ran Lahadi da la'asar a nan Abuja. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo, na kuwa san asarar da rufe rumfa da la'asar yake jawo wa ɗan kasuwa. Ni ba lauya ba ne, akawu ne. Ɗan karatun da na samu a makarantar mishan shi ya sa aka danƙa mini littafin ofis, shi kuma ya sa kullum ake kawo mini takardu in karanta wa mutane. A cikin takardun nan babu wadda ta fi zuwa hannuna kamar ta mai gida zuwa ga ɗan haya. A kan wannan zan yi magana yau.

Kafin in fara, duk wanda yake zaune a gidan kansa a nan ya ɗaga hannu. To, kun gani da idonku. Ba su cika goma ba. Sauranmu duka, daga mai kayan miya har mai tireda, daga Nyanya da Karu har Kubwa da Dei-Dei da Zuba, a ɗakin wani muke kwana, a shagon wani muke neman abinci.

Bari in ba ku labarin gidan da nake haya. Ɗaki 14 ne, masai guda ɗaya. Da damina ta yi ƙarfi ramin masai ya cika ya tumbatsa, ƙazanta ta bi tsakar gida inda mata suke girki, yara suka shiga gudawa. Sau uku muka yi wa wakilin mai gida magana, sau uku ya ce an ji. A cikinmu akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, tuwo take sayarwa a bakin tasha. Da ƙaramin ɗanta ya kwanta sai ta ɗauki gyalenta ta tafi ofishin duba-gari ta faɗi abin da ke akwai. Duba-gari suka zo suka gani, suka bar wa mai gida takarda. Kashegari da magariba sai ga shi da mota. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya ya ce, "Tun da kin iya kai ƙara, kafin Juma'a ki kwashe komatsanki. In ba haka ba in sa a cire ƙofar." Matar nan kuwa kuɗin shekara ta biya, da sauran wata 5 a gabanta. A daren nan ta fara ɗaure tukwane. Mu ɗaki 13 da muka rage kowa ya ja ƙofarsa ya yi tsit. Ni ma da nake tsaye gabanku yanzu, shiru na yi a daren nan, ban kuwa ji daɗin kaina ba.

Ku lura da kyau. Matar nan ba ta ci bashin haya ba, ba ta fasa komai ba, ba ta yi faɗa da kowa ba. Laifinta ɗaya, ta yi magana. Irin wannan ita ake kira korar ramuwar gayya, watau mai gida ya huce haushinsa a kan ɗan haya domin ya nemi gyara, ko ya kai kuka wurin hukuma, ko ya ƙi ƙarin kuɗin da ba a yi da shi ba, ko ya tara 'yan'uwansa 'yan haya su yi shawara. Mai gidan nan da mutum ɗaya ya yi magana, amma ɗaki 14 yake so su ji. Da ya yi nasara, da har gobe ba wanda zai sāke ambaton masai a gidan. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, idan aka rufe bakin mai kwana a ɗaki, wa zai nuna wa hukuma inda yoyon yake? Ƙarshen labarin yana zuwa, amma sai mun fara jin abin da doka ta ce.

MATAKAN DA DOKA TA AJIYE

A nan Yankin Babban Birnin Tarayya akwai dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya, Babi na 544 cikin littattafan dokokin Tarayya na 1990. Dokar nan ta shafi ɗakin kwana, ta kuma shafi shago. Wanda yake zaune a Mararaba ko Masaka ya sani yana ƙasar Jihar Nasarawa, na Madalla da Suleja kuwa Jihar Neja, kowace jiha da dokarta, ko da yake hanyar kusan ɗaya ce. Mai gida bai isa ya fid da mutum ba sai ya taka matakai huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, notis a rubuce. Idan ba ku yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan haya mako-mako yana da notis na mako 1. Mai biya wata-wata yana da wata 1. Mai biya duk wata uku yana da wata 3. Mai biya shekara-shekara yana da wata 6 cur. Yawancinmu a Abuja kuɗin shekara muke biya, saboda haka ku riƙe wannan lamba ta 6 a ka. Amma ku ji inda tarkon yake. Idan ka sa hannu a takardar da ta ce notis ɗinka wata 1 ne, to, wata 1 ɗin kotu za ta bi. Idan kuma takardar ta ce hayar ta wa'adi ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, to, ran da wa'adin ya cika hayar ta ƙare da kanta, ba sai da wannan notis na farko ba. Domin haka kada ejan ya miƙo maka takarda a tsaye a bakin titi ka dangwala hannu. Ka kai a karanta maka tukuna, ka kuma karɓi taka ka ajiye.

Na biyu, idan notis ya cika ba ka tashi ba, sai a sāke ba ka wata takarda ta kwana 7, wadda take sanar da kai cewa mai gida yana da niyyar zuwa kotu. Wanda zai ba ka ita kuwa ko mai gida da kansa, ko wakilinsa da aka saba yana karɓar haya, ko wanda ya ba izini a rubuce. Ba kowane ƙaton da ya ɗauko a tasha ba.

Na uku, kotu. Za a kawo maka sammaci, a sa rana, alƙali ya ji bakinsa ya ji naka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum hakkin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, bai ce sai mai gida ba.

Na huɗu, idan alƙali ya ba mai gida gaskiya, zai sa ranar da za ka tashi. In ranar ta wuce, ma'aikatan kotu ne za su zo da takardar kotu a hannu su fid da kai. Ko a wannan rana ma mai gida ba shi da ikon taɓa tabarmarka da hannunsa.

To, jama'a, ku ɗauki "kafin Juma'a" ku auna da matakan nan huɗu. A wane mataki take? Ba ta cikin ko ɗaya. Iska ce kawai ta fito daga bakin mutum.

MAI ƊAUKAR DOKA A HANNUNSA

Wani zai ce, Malam Magatakarda, wannan a takarda ne, mai ƙarfi kuwa ba ya karanta takarda. Ku ji abin da ya faru da wanda ya fi kowane mai gida ƙarfi. A 1985 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta aika da mutane wajen 150 ɗauke da makamai suka fid da Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive, Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban kotu. A watan Fabrairu na 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi biyan bukatar gwamnatin, ta kuma tsawata mata, domin ta ɗauki doka a hannunta ta kuma ƙi bin umarnin kotu. Ku tuna, zamanin soja ne wannan. Idan gwamna mai bindiga bai isa ya tsallake kotu ba, ina ga mai ɗaki 14 da masai ɗaya?

Sa'an nan a 1997, a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa mai gidan da ya karɓi gidansa da ƙarfin tsiya ba tare da umarnin kotu ba ya karya doka, kuma zai biya diyya. Ko da wa'adin ɗan hayan ya ƙare, hukuncin bai sāke ba. Saboda haka cire ƙofa, kware rufi, sauya kwado, watsa kaya waje, duk abin da za ka iya kai shi ƙara ne a kai, ka nemi diyyar kayanka da ta wulakancin da aka yi maka. Haka nan yanke wuta ko toshe ruwa domin a ƙuntata maka ka gudu, ka rubuta shi ka kai gaban alƙali.

Bayan diyya akwai kuma hukuncin laifi. Dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ita ce dokar laifuffuka a nan Abuja. Sashe na 396 da 397 sun yi magana a kan wanda ya tsorata wani da cewa zai cuce shi a jikinsa ko mutuncinsa ko dukiyarsa domin ya tilasta masa yin abin da doka ba ta ɗora masa ba. Hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Sashe na 326 da 327 kuwa na ɓarnar dukiya ne. Sai ku rarrabe magana biyu. Mai gida ya ce, "Zan kai ka kotu," wannan hakkinsa ne, ka ce masa Allah ya kai mu. Ya ce, "Zan turo yara su watsa maka kaya," wannan laifi ne, ka kai rahoto.

Akwai wata dabara da na sha gani. Mai gida ya tafi caji ofis ya ɗauko ɗan sanda, a zo a tsaya a ƙofar ɗan haya, shi kuwa talaka da ya ga kaki sai gwiwa ta yi sanyi. Ku sani 'yan sanda ba su da aikin karɓar kuɗin haya, ba su da aikin tashin mutum daga gida. Sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duka biyu sun hana a kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. In an kira ka, ka tafi da ladabi, ka tafi da mutum biyu da rasit ɗinka, ka ce maganar haya ce, wurinta kotu.

INDA DOKARMU TA GAZA

Yanzu zan faɗa muku wadda ba ta da daɗi, gama in na ɓoye ta na cuce ku. Dokar Abuja ta tsare hanyar korar mutum, amma ba ta tambayi mai gida dalili ba. Idan ya haɗiye fushinsa ya tafi wurin lauya, ya ba ka wata 6 daidai, ya bi da kwana 7, ya je kotu, to, ƙarshenta gidansa zai koma hannunsa, ko da kowa a unguwa ya san don ka kira duba-gari ne. Ba wani sashe a dokar da ya ce a ƙi shi saboda ramuwar gayya.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa kuskure kaɗan a notis zai sa ku zauna shekara da shekaru. Dā an yi haka. Amma a watan Fabrairu na 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, wadda ta ci wajen shekara 28 a kotuna, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana ra'ayin cewa da zarar an kai ƙara an ba ɗan haya sammaci, sammacin kansa ya zama sanarwa, kuskuren notis ba zai zama maɓoya ba. Tun daga nan lauyoyin masu gidaje suke kafa hujja da wannan magana. Abin da doka take ba ka a yau shi ne lokaci da mutunci da bakin magana gaban alƙali. Ba ta ba ka gidan mutum ba.

Wannan giɓi kuwa ana iya toshe shi, wasu sun toshe nasu. A birnin Washinton na Amurka, a 1965, wata mata mai suna Yvonne Edwards ta kama hayar gida wata-wata a hannun wani Nathan Habib. Ta ga gidan ba ya zaunuwa, ta kai kuka wurin hukumar duba gidaje. Da suka zo suka sami abubuwa fiye da 40 da suka saɓa wa ƙa'ida, suka ce ya gyara. Shi kuwa sai ya ba ta notis na kwana 30, daidai yadda dokarsu ta ce. Ba ta yarda ba, ta bi shari'a har kotun ɗaukaka ƙara. A 1968 alƙali Skelly Wright ya rubuta hukuncin kotun. Taƙaitawarsa ita ce, mai gida yana iya karɓar gidansa bisa kowane dalili na halal, ko ma ba dalili, amma ba domin ɗan haya ya kai ƙarar lalacewar gida ba. Hujjar kuwa a fili take. Hukuma ba ta da idon da za ta ga cikin kowane gida, da bakin 'yan haya take gani. In aka bar masu gidaje suna korar mai magana, dokar tsabta ta mutu ke nan. Daga baya jihohin Amurka da yawa suka sa wannan kariya cikin dokokinsu. Ku duba, matar nan da mai tuwonmu labarinsu ɗaya ne, dokar ƙasa ce ta raba su.

A Ingila ma, a 2015, majalisa ta yi dokar da ta ce idan hukumar gari ta ba mai gida takardar tilasta gyara, ba shi da ikon ba da notis na korar ba-dalili har wata 6. A 2025 suka ƙara gaba, suka yi dokar soke irin wannan kora ɗungum.

Ba sai mun haye teku ba ma. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar haya. Sashe na 37 ya ba ɗan haya dama ya kai ƙara idan ya ga ƙarin kuɗin haya ya wuce hankali, ya kuma haramta wa mai gida fid da shi muddin ƙarar tana gaban kotu. Sashe na 44 ya sa tara har Naira 250,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ga wanda ya rushe gini, ko ya tsorata ɗan haya, ko ya matsa masa da baki ko da aiki domin ya tashe shi. Sashe na 5 ya wajabta ba da rasit. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba suka sami wannan a rubuce, mu da muke zaune gindin Majalisar Tarayya ba mu samu ba.

ABIN DA ZA KA YI RAN DA AKA YI MAKA BARAZANA

Da farko, kada ka tashi da gudu. Wanda ya kwashe kayansa da kansa ya miƙa makulli ya sauƙaƙa wa mai gida aiki, sa'an nan zai yi wuya ya nuna wa alƙali cewa korarsa aka yi.

Kada ka daina biyan haya don haushi. Wannan ita ce babbar wautar da muke yi. Da ka ci bashi sai maganar masai ta ɓace, ta koma maganar bashi, kai da kake da gaskiya ka zama mai laifi. Kada kuma ka yanke kuɗin gyara daga cikin haya sai mai gida ya yarda a rubuce. In ya ƙi karɓar kuɗi don ya ɗora maka bashi, ka tura ta banki ka ajiye shaidar, ko ka rubuta masa takarda cewa ka kawo ran kaza ya ƙi karɓa, kuɗin kuma ka ajiye su gefe kada ka zuba su a jari.

Ka riƙe takarda. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin wannan, ba mai ba da buhu goma bashi bai rubuta ba. Me ya sa za ka ba da kuɗin shekara guda ba rasit? Kowane kuka na gyara ka yi shi a rubuce, ko da saƙon waya ne, da kwanan wata. Ka ɗauki hoton yoyo da tsagewar bango da wayarka. Ran da aka yi maka barazana ka rubuta rana da sa'a da abin da aka ce da waɗanda suka ji. Jerin kwanakin nan shi zai nuna cewa ran Litinin ka kai kuka, ran Talata aka ce ka tashi. Ko da doka ba ta ambaci ramuwar gayya ba, wannan zai yi maka amfani wurin neman diyya, da wurin sulhu, da wurin roƙon alƙali ya ba ka isasshen lokaci.

Kada ka rama da zagi ko dūka. Wani mai gida neman haka yake yi, domin maganar ta tashi daga haya ta koma caji ofis. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kada ka ƙi karɓar notis ko sammaci. Ƙin karɓa ba ya tsai da komai, manna maka za a yi a ƙofa. Ka karɓa, ka rubuta ranar da ka karɓa, ka kawo a duba. Ran shari'a kuwa ko kasuwa ce take ci ka bar wa yaro rumfa ka tafi, gama wanda bai zo ba ana iya yanke hukunci a bayansa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa hali. Babbar Kotun Abuja kuma tana da zauren sulhu tun 2003, inda ake zaunar da mutum biyu a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, kada ka kai kuka kai kaɗai. Sashe na 40 na Tsarin Mulki ya ba mu hakkin haɗa kai don kare bukatunmu. Takarda ɗaya, hannu goma. Korar ɗaki ɗaya abu ne mai sauƙi. Korar ɗaki goma asarar kuɗin shekara ce, ba kuwa mai gidan da ba ya lissafi. Haka yake a layin shaguna a filaza. Ran da aka ce maƙwabcinka ya tashi don ya tambayi inda kuɗin shara da na mai gadi suke shiga, kada ka yi murna cewa abokin gasa ya tafi. Gobe kai ne.

Ina roƙon dattawa kada su ɗauka ina zuga yara su raina masu gidaje. Akwai mai gidan da ɗan fansho ne, da kuɗin sallamarsa ya gina ɗaki huɗu, da su yake ci. Akwai marainiyar da hayar shago ɗaya ce gadonta. Akwai kuma ɗan hayan da yake shekara biyu bai biya ba, ya lalata ɗaki ya gudu da dare. Wannan ba namu ba ne, ba kuwa za mu rubuta masa takarda ba. Ka biya a kan kari, ka kula da ɗakin mutum kamar naka, sa'an nan ka ɗaga kai ka nemi hakkinka.

Na yi muku alkawarin ƙarshen labarin mai tuwo. Da gari ya waye kunya ta kama ni. Na ce mata, Iya, kwance tukwanenki. Na rubuta takarda zuwa ga mai gida, da ladabi, na ce ta biya har wata kaza, ga lambar rasit, ba ta sami notis a rubuce ba, kuma duk wanda ya taɓa ƙofarta za mu haɗu a kotu. Na bi ɗaki-ɗaki. Mutum 11 suka sa hannu cewa kukan masai na gida duka ne. Juma'a ta zo ta wuce, ƙofa tana nan. Mako biyu bayan haka motar kwasar masai ta zo. Amma mai gida bai manta ba. Ya nemi shawara, ya aiko mata da notis na wata 6 ta hannun lauya, ba kuskure ko ɗaya a ciki. Ta biya abin da ke kanta har ranar ƙarshe, ta sami wani ɗaki kusa da tasha, ta tashi da rana tsaka, muka ɗaukar mata kaya. Kwana uku aka ba ta da baki, doka ta ba ta fiye da rabin shekara. Duk da haka ita ta gyara mana gida, ita kuma ta rasa ɗaki. Wannan ba adalci ba ne, dokarmu kuwa ta yarda da shi.

Saboda haka ga shawarata ga wannan taro. Abuja ba ta da majalisar jiha. Bisa sashe na 299 na Tsarin Mulki, Majalisar Tarayya ce take yi mana doka, muna kuwa da sanata 1 da 'yan Majalisar Wakilai 2. Mu rubuta musu takarda da hannun kowace ƙungiyar kasuwa, mu nemi abu uku. A sa a doka cewa notis ɗin da ya biyo bayan kukan gyara cikin wata 6, mai gida ne zai nuna wa kotu cewa ba ramuwa ba ce. A wajabta rasit. A sa hukunci bayyananne ga mai cire ƙofa da mai kware rufi, kamar yadda Legas ta yi a 2011. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a kasuwarku, daga kowace jam'iyya yake, har tamu, ku miƙa masa takardar ku ce ya faɗi matsayinsa gaban jama'a.

Kafin wannan ta samu, ofishin reshe a buɗe yake kowace Laraba da Asabar bayan la'asar. Wanda aka ba takarda ya kawo in karanta masa, ba a biyan ko kwabo. Wadda ta fi ƙarfina in nuna masa ƙofar lauya. Ku zo da rasit ɗinku, ku zo da maƙwabcinku.

In na yi kuskure dattawa su gyara mini. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa nasa. Wassalam.